Tabawa Mai Rediyo da Ramukan Gishirin Seydou

A unguwar Dagmanet ta Agadez, in baƙo ya tambayi inda ake gyaran rediyo, cewa ake yi da shi ya je wurin Tabawa, ko da yake sunan mijinta, Malam Inoussa, shi ne a rubuce bisa ƙofar shagon. Mace ce gajera mai kaurin hannu, tabarau ɗaure da zare a wuyanta, yatsunta duk tabon ƙuna. Tana zama a bakin tebur, shi kuma yana zaune bisa tabarma daga bayanta, carbi a hannu, kunne a buɗe.

Tabawa ƴar dukawa ce daga tsohon gari. Tun ba ta kai tsayin turmi ba kakarta ta damƙa mata wuƙar yankan fata, ta koya mata fitar da zare daga fatar akuya, siriri kamar gashin doki, ba tare da ya tsinke ba. Ta ɗan yi lakol, wato makarantar boko, gwargwadon da za ta iya karanta faransanci a hankali tana bin baƙi da yatsa. Daga nan aka yi mata aure da Inoussa, wanda ya koyo gyaran rediyo a Arlit ya dawo gida ya buɗe shago. Shekaru da dama abin da ya haɗa ta da shagon bai wuce kai abincin rana ba.

Sai ciwon ido ya kama shi. Duhun ya faro daga gefe yana matsowa tsakiya, kamar ana rufe bakin rijiya da kaɗan-kaɗan. Sun je har Yamai, lokotoro ya ce an makara. Malam Inoussa ya dawo, ya ci gaba da buɗe shago kowace safiya, yana ɓoye wa mutane halin da yake ciki.

Wata rana ta kawo abinci, ta iske shi riƙe da rediyon wani mai raƙuma, cikinta a buɗe, yana shafa filolin, wato wayoyin cikinta, da yatsa. Ya daɗe a haka. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tabawa, wannan da na riƙe, wane launi ne?"

"Ja ne, Malam."

"Na kusa da shi fa?"

"Baƙi."

"To, zauna nan."

Zaman ke nan da ba ta tashi ba har yau. Da fari idonta kawai yake ara. Daga baya ya miƙa mata ƙarfen dalma, ya riƙe wuyan hannunta yana nuna mata lokacin da ake ɗagawa. Ta ƙona yatsu, ta ƙona rediyo biyu ko uku, ta yi kuka a bayan shago. Mata sun yi ta magana a gidan suna da gidan biki, wai ƴar dukawa ta koma aikin maza. Amma hannun da ya saba da zaren fata bai sha wuyar sabawa da fil ba. Ya koya mata sauraron na'ura, da sansanar ta kafin a taɓa ta. Da zamanin rediyo ya ja baya suka koma gyaran tele, da caja, da fitilun sola, da duk abin da kuran, wato wutar lantarki, ke bi ta cikinsa.

Ana nan, bayan wata damina da ta rushe gidaje da yawa a gari, wata dattijuwa ta sauko daga kan babur ɗin kabu-kabu a ƙofar shagon, aka sauke mata kaya naɗe cikin bargo. Hajiya Fatouma ce, mai sayar da gishirin dabbobi a kasuwa, asalinta ƴar Teguidda-n-Tessoumt, garin da ake shanya ruwan gishiri a ramuka. Bayan gaisuwa ta kwance bargon da kanta.

Tabawa ta matso tana kallo. Ekaran ne, wato gilashin kallo, mai ƙaton ƙeya kamar tsohuwar tele, da wani dogon allon maɓallai mai launin toka, a gefen damansa ɗan baki da ake zura disket, faifan ajiye bayanai. Ga kuma wani ƙaramin akwati daban, shi ma da irin wannan bakin, ga disket guda uku masu kauri da tauri, irin da ba ta taɓa gani ba.

"Me aka kawo?" in ji Malam Inoussa.

Ta ɗora hannunsa bisa allon. Ya bi maɓallan da yatsa, ya kai gefen dama, ya tsaya. "Allahu akbar," ya ce a hankali. "Ordinatar ce, kwamfuta ta dā. Na taɓa ganin irinta a gidan wani injiniya a Arlit, tun ina saurayi. Hajiya, ina kika samo wannan?"

Hajiya Fatouma ta gyara lulluɓi. Ta ce ta ƙanenta ce, Seydou. Ya yi aiki da wani bature mai kai baƙi yawon hamadar Tenere, da baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Seydou ya shaƙu da ita har ana yi masa dariya, in ya shiga ɗaki ba a ganinsa sai kiran salla. Kullum yana ce mata akwai abin da yake shirya mata, in ya gama zai nuna mata. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin ya nuna. Ta kulle kayansa a ɗaki fiye da shekara talatin, sai da ruwan bana ya kayar da bangon sannan ta sake ganinsu.

"Ban san abin da ke ciki ba, ƙanwata," ta ce da Tabawa. "Wataƙila babu komai. So nake in ga ta kama sau ɗaya, kamar yadda nake hango haskenta ta ƙofar ɗakinsa."

Tabawa ta ce za ta gwada, amma ba ta yi alkawari ba.

Da ta kwance allon, abin da ta tarar ya isa ya sa mutum ya maida murfi ya ba da haƙuri. Zanzaro ya yi gini a kusurwa, ga kashin ɓera, ga jar ƙasa ta kwanta ko'ina. Ta share da gashin kaza da alkol, ruwan goge na'ura, ta canza wasu ƴan gwangwanaye da suka kumbura. Da ta ba ta kuran, ekaran ya yi ƙara siririya, ya yi jim, sannan ya washe da shuɗi, rubutu rawaya ya bayyana a sama.

"Ta kama, Malam! Wallahi ta kama!"

"Na ji kukanta," ya ce yana murmushi. "Saura mai karanta disket. In bai juya ba, kin tashi mutum ne ba baki."

Bai juya ba kuwa. Ɓeraye sun cinye filolin da ke kai masa kuran, ba su bar ko guntun da za a gane launinsa ba, hanyar da ke kawo masa tasa wutar daga ekaran kuma ta mutu. Ɗan zoben robar da ke juya disket ya narke ya zama kwalta, ya manne a jikin ƙarfe. Na cikin ƙaramin akwatin ma haka, domin shi ma mai karanta disket ne, na biyu, irin na cikin allon sak.

Zoben bai ba ta tsoro ba. Ta aika aka kawo mata robar cikin tayar keke, ta ɗauko tsohuwar wuƙar kakarta ta wasa, ta dinga yanko zobba tana gwadawa. Wannan ya yi kauri, wancan ya yi sako-sako, har ta samu wanda ya zauna daram.

Batun wuta kuwa, ta ciro akwatin kuran daga wata matacciyar ordinatar ofis da ke jibge a bayan shago. Wannan ta san shi kamar tafin hannunta: jan fil bolt biyar, rawaya goma sha biyu, baƙaƙe biyu a tsakiya. A cikin filolinsa akwai wata ƴar farar fish, wato kan da ake jona fil da shi, mai rami huɗu, da ta gwada ta a bayan mai karanta disket sai ta shige cif, kamar don shi aka yi ta. Ta yi hamdala. Don taka-tsantsan ta ce bari ta fara da na ƙaramin akwatin. Malam Inoussa ya fita alwala a lokacin. Ta kunna.

Wani ɗan sauti ta ji, tas, kamar an fasa ƙwarƙwata. Siririn hayaƙi ya taso. Ta fizge fil ɗin, amma aikin gama ya gama.

Tun daga bakin ƙofa Malam Inoussa ya tsaya, buta a hannu, yana jan hanci. "Me ya ƙone?"

Ta faɗa masa. Ranta a ɓace, domin abin da ya kwana shekara talatin yana jira, ita ta kashe shi cikin ƙiftawar ido. Bai yi mata faɗa ba. Ya zauna, ya ce, "Fish ta shiga, amma wa ya ce miki masu wannan na'ura sun jera wutarsu yadda na yanzu ke jerawa? Ni ma da ina nan da cewa zan yi ki kunna. Kira Hajiya ki gaya mata."

Ta kira ta a talho, ta gaya mata komai, ta ce saura guda, in shi ma ya tafi shi ke nan. Hajiya Fatouma ta saurara har ta gama. Sannan ta ce, "A ɗaki ma ai ƙasa ce ke cin sa. Ci gaba, ƙanwata. Abin da Allah ya nufa shi zai kasance."

Kwana biyu Tabawa ba ta sake kusantar kuran da na'urar ba. Ta ɗauki wanda ya ƙone ta juya shi, ta sa tabarau, ta fito bakin ƙofa inda rana take. A bayan allonsa akwai hanyoyin tagulla sirara, suna tafiya suna karkacewa kamar sawun tururuwa. Ta ɗora tsinin allura a ƙafar farko ta inda fish ke shiga, ta bi hanyar a hankali tana faɗa wa Malam Inoussa duk inda ta ratsa.

"Ta wuce ƙarƙashin wani gwangwani. Ta karkata hagu. Ta shiga moter."

"Moter shi ke cin goma sha biyu. Wane fil ne ya faɗa kan wannan ƙafar da kika kunna?"

"Ja." Ta koma ƙafar ƙarshe, ta bi ta, ta kai ta ga wasu ƴan baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu da yawa, ɗaya ta fashe a tsakiya. "Malam, a juye suke. Rawaya na ba waɗannan ƙananan, su da ba su ɗaukar fiye da biyar."

Ta daɗe tana duban allon. Abin da ya kama ta shi ne, wani mutum a wata ƙasa mai nisa, wanda wataƙila ya riga mu gidan gaskiya, shi ya zauna ya zana waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, ga shi yau tana bin sawunsa da allurar ɗinki a Dagmanet, tana gane abin da yake nufi ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Da tsinin allurar ta danna ƴan haƙoran da ke riƙe fil a cikin fish, ta zaro ja, ta zaro rawaya, ta musanya musu rami. Ta auna da na'urar awo, ta sake aunawa, ta karanta wa Malam Inoussa lambobin da ƙarfi. Sannan ta zura fish a bayan wanda ya rage, ta yi bisimilla, ta kunna. Babu hayaƙi. Ƴar jar fitila ta ƙyafta, moter ya yi gurnani, zoben robar keke ya fara juyawa.

Ba ta zura disket ko ɗaya ba sai da Hajiya ta zo. Ta nemo a talhonta wani bidiyo na wani tsohon Bafaranshe mai tara irin waɗannan na'urori, ta kalla har ta haddace kalmomin da ake bugawa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya Fatouma ta iso, aka ba ta kujera gaban ekaran.

Disket na farko ya yi ta ƙugi, bai ba da komai ba. Na biyu ma haka. Tabawa ta goge kan da ke karantawa da auduga da alkol, ta zura na uku, ta buga kalmar. Na'urar ta yi ƙas-ƙas-ƙas, sai ga sunaye sun jeru da rawaya. Ta bi su da yatsa. Na ƙasa an rubuta FATOU.

"Haka yake kirana," in ji Hajiya, da ƙyar aka ji ta.

Tabawa ta buga sunan ta danna. Ekaran ya yi baƙi ƙirin. Har ta fara jin tsoro, sai launin ƙasa ya bazu, sannan wani ɗigo ya fito a kusurwa, ya fara zagayawa a hankali yana barin layi a bayansa har ya haɗe ya zama da'ira. Da'irar ta cika da ja. Wata ta faro a gefenta, ƙarama, ta cika da rawaya. Wata fara fat. Wata ruwan goro.

"Me ake yi?" in ji Malam Inoussa. "Ku gaya mini mana."

"Zobba take zanawa, Malam. Manya da ƙanana, kusa da juna, kowanne da launinsa. Kamar an jera ƙore a ƙasa. Ban gane ba."

Hajiya Fatouma ta miƙe tsaye, lulluɓinta ya zame ba ta kula ba. "Teguidda ce," ta ce. "La'ilaha illallahu. Ramukan gishirinmu ne, kamar yadda ake ganinsu in an hau tudu." Ta kai yatsa jikin gilashin. "Wannan babban inda ake kwaɓa ƙasa ne. Waɗannan na gidan liman ne. Waɗannan ukun da ke jere, na innarmu ne. Ga wanda na faɗa ciki ina yarinya."

Da'irori suka ci gaba da fitowa har suka cika ekaran. Da ta ƙarshe ta rufe, sai sauti ya taso daga cikin allon, siriri kamar na sarewar kara, yana hawa yana sauka. Muryar inji ce, ba ta da daɗin makogwaron mutum, amma karin a fili yake. Hajiya ta dafe bakinta. Waƙar da innarsu ke yi ce in tana ɗibar ruwan gishiri da ƙwarya, waƙar da ba ta da suna, wadda ba wanda ya taɓa ɗauka a kaset. Hajiya ita kanta ta manta rabinta. Ta fara bi a hankali da harshen garinsu, hawaye na zuba, inda ta manta na'urar ta ja ta.

Malam Inoussa ya ajiye carbi, ya karkata kai. Da sautin ya ƙare ya ce, "Wannan yaron, sauti ɗaya-ɗaya ya shigar da ita da lambobi. Kowane hawa da sauka sai ya nemo lambarsa. Wata nawa ya yi yana wannan aiki? Allah ya ji ƙansa."

Duban Tabawa na kan ɗan baƙin disket ɗin da ke cikin na'urar. Ya sha zafin ɗaki rufaffe shekara da shekaru, bango ya faɗo kusa da shi, ga shi ya riƙe gari guda da muryar tsohuwa bai zubar ba. Ta sha gyara abubuwa su yi magana, amma ba ta taɓa jin abu irin na ranar ba. Hajiya ta ce a maimaita, aka maimaita, aka kuma, har aka kira la'asar.

Hajiya Fatouma ba ta tafi da na'urar ba. Ta ce gidanta bai gama gyaruwa ba, kuma a hannun Tabawa ta fi samun kulawa. Aka yi mata wuri a kan kanta, aka ɗinka mata rigar fata saboda ƙura. Tabawa ta ɗauki zanen da waƙar a talho, Hajiya ta tura wa dangi, labari ya kai In-Gall ya kai Teguidda. Tun daga nan, in mutanen can suka shigo Agadez sayar da gishiri ko ganin likita, sai su biyo ta Dagmanet su ce a nuna musu abin Seydou. Tabawa takan ajiye aikin da ke hannunta, ta auna wutar tukuna, sannan ta kunna.

Wata rana aka kawo wata tsohuwa tukuf, Inna Zahra'u, wadda ta yi aikin gishiri tare da mahaifiyar su Hajiya. Aka zaunar da ita dab da ekaran saboda idonta ya yi rauni. Ta bi da'irorin ɗaya-ɗaya tana kiran sunayen masu su, yawancinsu sun rasu. Da ta kai gefen dama ta tsaya, ta ɓata rai.

"Ina nawa? Nan ya kamata ya kasance, bayan na Rabi. Yaron nan ya manta da ni."

Tabawa ta ce ta ga inda Seydou ya rubuta lambobin kowane rami, in Hajiya ta yarda za ta iya koyon yadda ake ƙara ɗaya. Hajiya Fatouma ta girgiza kai, ta ce a bar shi yadda mai shi ya bar shi.

Inna Zahra'u ta yi ta kallon wurin da babu komai, tana motsa baki, tana lissafin shekaru da haihuwar jikoki da shekarar fari. Can sai fuskarta ta saki.

"A'a, bai manta ba," ta ce. "Ban haƙa shi ba tukuna a lokacin. Sai bayan rasuwarsa da damina ɗaya na haƙa. Wurin nan fili ne, a nan muke ɗaure jakai." Ta taɓa gilashin da busasshen yatsanta. "Sake kunna mini, ƴata. Ina so in ga garin kafin in haƙa."

Tabawa ta buga sunan, ta danna, ɗigon ya fito a kusurwa ya fara zagayawa.